Kalma mai ma'ana 645 amma maki 3 kacal take bayarwa, ina adalci a Scrabble?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da magana kuma ina so masu Turancin gidan nan su fito fili. Ni a ganina wasan Scrabble, wasan nan na haɗa kalmomi da haruffa a kan allo, ba ya koya wa mutum Turanci ko kaɗan, hadda ce kawai irin ta aku. Hujjata ita ce kalmar run, wadda aka ce ma'anoninta sun haura 600 a ƙamus, in ka ajiye ta a allo maki 3 za ka samu, R ɗaya U ɗaya N ɗaya shi ke nan. Amma wani ya zo ya ajiye QI wadda shi kansa bai san me take nufi ba ya kwashe 11, in kuma Q ɗin ta faɗa gidan da ake ninka harafi sau uku ya tashi da 31. To don Allah ina adalci a nan? Sannan tambaya ta biyu, maganar ma'ana 600 ɗin nan gaskiya ce ko irin labaran WhatsApp ne?

Ummu_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Ai ba run ba ce, set ce ta fi kowace kalma yawan ma'ana, tun muna sakandare aka gaya mana har a gasar kacici-kacici ta fito

TsohonTicha:
Ummu Sadiq abin da aka koya miki daidai ne a zamaninsa, shi ma Ɗan Fagge abin da ya ji daidai ne. A babban ƙamus na Oxford bugu na biyu, wanda ya fito a 1989 cikin mujalladi 20, set ce ke kan gaba da ma'ana 430, bayaninta kaɗai ya kai wajen kalmomi 60,000, wato ya fi wasu littattafan hikaya tsawo. Daga baya da suka shiga sabunta ƙamus ɗin aka ba wani ma'aikacinsu mai suna Peter Gilliver aikin run, ya kwashe wata tara a kan wannan kalma guda, da ya gama a 2011 sai ga ma'ana 645, kuma wannan a matsayinta na aikatau ne kawai, ba a haɗa da inda take zuwa a matsayin suna ba. Saboda haka ba labarin WhatsApp ba ne. Abin da ya sa ta yi wannan bunƙasa kuwa inji ne. Da can mutum da doki da ruwa ne ke run, da aka ƙera jirgin ƙasa da injinan masaƙa aka ce su ma suna run, da kwamfuta ta zo manhaja ma aka ce tana run. Kowace sabuwar na'ura ta fito sai Bature ya jingina mata wannan kalmar.

Ummu_Sadiq:
To Malam ni dai ina nan kan set ɗina har sai sun sake buga shi a takarda na gani hhh

Bazazzagi_Asali:
Bakano ya sha kashi a wasa ya zo yana neman a canza doka. Ɗan Fagge faɗi gaskiya wa ya lallasa ka? In yaro ne ɗan firamare ka faɗa, ba za mu yi dariya ba

Dan_Fagge:
Kai Bazazzagi bawan Kano, ana maganar ilimi ka koma gefe tukuna

Anti_Nas:
Ni abin da ya ba ni sha'awa a bayanin Malam shi ne a wajen aikinmu kullum muna cikin kalmar nan ba mu ma lura ba. Uwa ta kawo yaro a rubuta hancinsa na running, wato majina na zuba, wani a ce yana running temperature wato jikinsa ya yi zafi, ƙarin ruwa in yana ɗiga a ce drip na running, a aika jini ɗakin gwaji a ce a yi running test, magani ya ƙare a ce mun yi run out. Sannan ga running stomach da mu 'yan Najeriya muke faɗa, kuma ku duba fa mu ma da Hausa gudawa muke cewa, ita ma daga gudu ta fito. Ko gudanar da mulki da gudanar da kasuwanci ai duk dangin gudu ne, ruwa na gudana, taro na gudana. Wato dai ba Turawa kaɗai ke wannan abin ba.

Makanike_KofarRuwa:
Anti Nas kin yi gaskiya. mu a gareji set din ce ta zama tamu ma gaba daya, saiti muke cewa, a saita taimin a saita tayoyi, mota ba ta kan saiti, har mutum in kansa ya dan taba ana cewa ba shi da saiti. mata kuma saitin kujeru saitin akwati saitin kwanuka. yan ajinmu kuma yan set dinmu. ni ina goyon bayan Ummu Sadiq saboda set ta shigo Hausa ta yi gida ta hayayyafa, run kuwa har yau bakuwa ce, in ban da runs da yaran jami'a ke fada wanda shi ma ba abin arziki ba ne

SarkinAllo:
Bari in amsa wa Ɗan Fagge tambayarsa ta farko tunda kowa ya tafi wajen ƙamus. Yaya Ɗan Fagge da girmanka, kuskuren shi ne ka ɗauka makin harafi na da alaƙa da darajar kalma, alhali ba haka aka gina wasan ba. Wanda ya ƙirƙiro shi Alfred Butts, mai zanen gine-gine ne a Amurka da ya rasa aiki lokacin karayar tattalin arzikin shekarun 1930, zama ya yi ya ƙirga yawan fitowar kowane harafi a rubutun Turanci har da shafin farko na jaridar New York Times, harafin da ke yawan fitowa ya ba shi maki kaɗan da ƙwayoyi da yawa, wanda ba ya fitowa sosai ya ba shi maki mai tsoka. Shi ya sa cikin ƙwayoyi 100 da ke jaka E guda 12 ce kowacce maki 1, amma Q da Z ɗai-ɗai ne kowacce maki 10, J da X kuma 8. Wato ladan wahalar shigar da harafin ake ba ka, ba ladan ma'ana ba. Run na da arha ne saboda haruffanta ko'ina akwai su.

Kuma kar ka raina ta. Mu da muke buga wasan muna son irin waɗannan ƙananan kalmomi saboda suna karɓar ƙari. Run ka liƙa mata S ta zama runs, G ta zama rung, E ta zama rune, T ta zama runt, duk halal ne. Set ma tana karɓar S da A da T, sets, seta, sett. Idan abokin wasanka ya ajiye run a wurin da bai dace ba ya buɗe maka ƙofa ke nan, ka rataya kalmarka a jikinta ka ci makin kalmomi biyu lokaci guda, in Allah ya sa ka zubar da haruffanka bakwai gaba ɗaya a ƙara maka 50 a kai. To ka ga maki 3 ɗin da kake rainawa ta iya jawo wa wanda ya ajiye ta asarar 80.

Dan_Fagge:
Sarkin Allo na gode amma ka ƙara min hujja ne. Kai yanzu tsakaninka da Allah me ake nufi da sett da seta?

SarkinAllo:
Sett ramin wata dabba ce ta ƙasar Turai da suke kira badger, seta kuma ɗan siririn gashi ne mai tauri irin na jikin tsutsa ko ƙwaro. QI ɗin da ta ba ka haushi daga Sinanci take, ƙarfin rai da masu maganin gargajiyar Sin ke cewa yana zagaya jiki, ZA kuma gajarta pizza ce. Amma ba zan yi maka ƙarya ba akwai ɗaruruwan kalmomi da na haddace ban san ma'anarsu ba kuma doka ba ta ce sai na sani ba. Doka ta ce kalmar ta kasance cikin jerin kalmomi na masu ƙamus ɗin Collins, wanda shi ake amfani da shi a gasa a nan da yawancin duniya in ka cire Amurka da Kanada da ke da nasu jerin.

Hajiya_Mai_Atamfa:
To ni wannan doka ba ta yi min ba sam. A gidana in yara suna yi dokar ita ce duk wanda ya ajiye kalma sai ya saka ta a jimla, in ya kasa ya kwashe kayansa kuma layinsa ya wuce. Na saya musu ne don su koyi Turanci ba don su zama aku ba kamar yadda Ɗan Fagge ya ce. Kuma wlh yana aiki, ƙaramar tawa yanzu ƙamus ɗin babansu a ɗakinta yake kwana

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri da ɗan Nijar ya tsoma baki cikin zancen Ingilishi. Mu nan da Faransanci muke bugawa kuma ƙwayoyinmu 102 ne ba 100 ba, E guda 15, sannan K da W da X da Y da Z su ne masu maki 10, ku kuwa na ji K taku 5 ce W kuma 4. Wannan kaɗai ya isa ya nuna abin da Sarkin Allo ya faɗa, harafi tsadarsa na bin harshen da ake wasa da shi. Amma ga labarin da zai faranta ran Ɗan Fagge. Wani mutumin Niyu Zilan mai suna Nigel Richards a 2015 ya je Beljiyam ya ci gasar duniya ta Scrabble ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, jerin kalmomin ya haddace cikin kamar mako tara ya zo ya kada ƴan asalin harshen da ƴan Afirka masu Faransanci. A 2024 kuma ya sake yin haka da Sifaniyanci a birnin Granada. Mu ma muna da irin run ɗinku, faire da prendre da passer, kowacce in ka buɗe ƙamus sai ka gaji da karatu.

Dan_Fagge:
Alhamdulillah! Ɗan Damagaram Allah ya biya ka. Jama'a kun ji ko? Mutum bai iya gaisuwa da yare ba ya zama zakaran duniya a yaren. Na rufe shari'a

TsohonTicha:
Kada ka yi saurin rufewa ɗana. Abin da labarin ya tabbatar shi ne ana iya cin gasa ba tare da sanin harshe ba, bai tabbatar da cewa wanda ya buga ba zai ƙaru da komai ba. Na koyar da Turanci shekaru masu yawa kuma babbar matsalar yaranmu a jarrabawar WAEC ba manyan kalmomi ba ne, su manyan kalmomi ma'anarsu ɗaya ce ko biyu, yaro ya haddace photosynthesis ya huta. Ƙananan nan su ne masu kayar da su. Run into cin karo da mutum, run over take shi da mota, run down ƙarewar ƙarfi ko kushe wani, run for tsayawa takara, run out ƙarewa, run after bin mutum, run through bitar abu da sauri. Yaro ya san run gudu ne, sai ya ga an rubuta wani na running for governor ya fassara yana gudu saboda gwamna. Na taɓa ganin wannan da idona a takardar ɗalibi. Scrabble ba zai warkar da wannan ba, a nan na yarda da kai, karatun littafi da sauraro ne maganinsa. Amma yana gyara rubutun kalma daidai, yana koya wa yaro ƙare-ƙaren kalma irin su ING da ED da RE da UN, yana kuma sa shi lissafi da ka. Kowane abu da aikinsa.

Zee_Kaduna:
running for governor yana gudu saboda gwamna 😂😂 Malam ai a wasu jihohin fassarar daidai ce

Bazazzagi_Asali:
Zee ki rufa mana asiri kar admin ya kore mu, an hana siyasa

Dalibin_Harshe:
Ni ina da ja kan lambar 645 ɗin kanta. Ba wai ƙarya ba ce, amma ƙirgen ma'ana ya danganta da yadda mai ƙamus ya ga dama ya yanka. Ruwa na run, hanci na run, fenti na run, rinin tufafi na run, wani zai ce ma'ana huɗu ce wani ya ce guda ɗaya ce wato abu mai ruwa-ruwa na tafiya. Shi Oxford babba ƙamus ne na tarihi, yana tattara har ma'anonin da aka daina amfani da su ɗaruruwan shekaru da suka wuce da waɗanda sai matuƙan jirgin ruwa ko masu wata sana'a suka sani, shi ya sa in ka buɗe ƙaramin ƙamus na ɗalibai ba za ka ga ko kusa da haka ba. Babu Baturen da ke yawo da ma'ana 645 a kansa.

Sannan tunda Anti Nas ta taɓo Hausa, ku zo mu ƙirga ci mu gani. Ci abinci, ci jarrabawa, ci zaɓe, ci amana, ci bashi, ci riba, ci mutunci, ci fuska, ci zarafi, ci gaba, ci baya, ci karo, ci gado, ci sarauta, ci kwalliya, cin rani, an ci shi tara, kasuwa na ci, wuta ta ci gida, ruwa ya ci mutum, riga ta ci yadi biyar, ya ci ƙwallo, dara ta ci gida. Ban ma numfasa ba. Da za a ba wani wata tara ya zauna a kan ci kamar yadda aka ba wancan Baturen, ban san inda zai tsaya ba.

Ummu_Sadiq:
Ka manta ci da zuci da cin dunduniya da ci da ceto

Makanike_KofarRuwa:
da taya ta ci, da birki ba ya ci, da batir ya ci caji ko ya ki ci

Anti_Nas:
Sha fa? Sha wahala, sha kaye, sha iska, sha alwashi, sha kunu, sha mamaki, sha da ƙyar, sun sha bamban, na sha gaya maka. Kuma mangwaro da rake da lemo shan su ake ba ci ba, taba ma sha, ƙwayar magani ma sha. Akwai wata likita baƙuwa da muka yi aiki da ita tana koyon Hausa, kullum sai ta ce wa marasa lafiya ku ci magani, su yi ta dariya suna gyara mata

Dalibin_Harshe:
Anti akwai ma binciken da aka yi a kan wannan biyun. Philip Jaggar na jami'ar SOAS ta Landan da Malami Buba sun wallafa nazari a 2009 inda suka nuna cewa in ci ta bar ma'anar abinci yawanci mai yin ta shi ne ya yi galaba, ya ci zaɓe ya ci yaƙi ya ci amana, ita kuwa sha yawanci mai yin ta shi abin ya faɗa wa, ya sha kaye ya sha wahala ya sha duka. In ka lura a wasa ɗaya wani ya ci wani ya sha kashi.

Bazazzagi_Asali:
To ɗan boko, wanda ya ci na jaki fa galabar me ya yi? Da wanda ya ci baƙar wuya? Kuma wanda ya sha gaban wani ai shi ke sama

Dalibin_Harshe:
Shi ya sa na ce yawanci ban ce duka ba. Harshe ba ya bin layi ɗaya, amma ka jera misalai ashirin ka gani ɓangaren da ya fi rinjaye

Kanwar_Maza:
Ni tambayata daban ce, me ya hana a yi Scrabble na Hausa ne? Mun taɓa gwadawa da na Turanci a hostel wlh wasan bai yi nisa ba, A guda 9 ce kawai a jaka kuma kusan kowace kalmar Hausa sai da A, K kuma ƙwaya ɗaya tal, ga su Q da V da X da P sun cika mana hannu ba mu da abin yi da su. Ƙarshe kwali muka yanka muka rubuta namu

SarkinAllo:
Ƙanwata kin gano bakin zaren. Sai an yi irin aikin da Butts ya yi, a ɗauki rubutun Hausa mai yawa a ƙirga haruffa. A za ta zama mai maki 1 kuma ta fi kowa yawa, masu lanƙwasa irin ɓ su zama masu tsada. Sai kuma a yanke hukunci kan sh da ts, ƙwaya ɗaya za a yi musu ko biyu. Babbar rigimar ma ita ce ƙamus ɗin da za a yi hukunci da shi.

TsohonTicha:
Akwai na Bargery na 1934 kuma akwai Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ba a rasa abin dogaro ba. Sai dai shi jerin gasa ba ƙamus ba ne, dole a zauna a fitar da kowane jam'i da kowace siffar aikatau, ci da ciyar da cinye da ciyo da ciye-ciye a ce wanne ya halatta.

Basakkwace:
Malam in dai ƙamus na Kano za a ɗauka to mu ba mu wasa. In aje hita a ce ba kalma ba ce sai fita? In aje hwari a ce in kwashe? Wallah sai an yi shari'a

Dan_Damagaram:
Basakkwace ina bayanka. Kuma mu ƴ muke rubutawa da lanƙwasa ku kuna sa ɗan waƙafi a gaban y, wannan ma sai an sasanta kafin a sassaƙa ƙwayoyin

Makanike_KofarRuwa:
ni wayata ma ba ta da masu lankwasar gaba daya, ni da kofa da kato duk k daya nake bugawa, sai ku yi wasanku

Zee_Kaduna:
Ni dai Wordle nake yi kowace safiya, kalma ɗaya mai harafi 5 dama 6, kore in harafin na wurinsa, ruwan ɗorawa in yana ciki amma ba nan ba. Shi ma ba ya tambayarka ma'ana Yaya Ɗan Fagge, kuma run da set ba su ma isa shiga ba sun yi gajarta. Wani injiniyan manhaja Josh Wardle ya yi shi, New York Times ta saye a farkon 2022. In wasan ma'ana kake so crossword za ka nema, can ne za a ba ka bayani kamar manage ko operate ko flow amsar kuma duk run ce, sai wanda ya san fuskokin kalmar zai gane

Dan_Fagge:
Yawwa Zee, wannan shi ne wasan masu ilimi. Wanda ya san ma'ana shi ke ci

SarkinAllo:
Yaya Ɗan Fagge kalmar masu ilimi ɗin nan ta ɗan yi min ciwo gsky. Ka san dai Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarfi a wasan nan a duniya, kuma gwamnati ta amince da shi a matsayin wasa tun shekarun 1990. Wellington Jighere ɗan jihar Delta a 2015 a birnin Perth na Ostareliya ya doke Lewis Mackay ɗan Ingila 4 da nema a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya na Scrabble na Turanci, har Shugaba Buhari ya kira shi a waya ya taya shi murna. Kuma salon da aka san 'yan wasanmu da shi shi ne gajerun kalmomi, maimakon ka zuba doguwa ka buɗe wa abokin karawa gidajen ja masu ninka kalma sau uku, ka ajiye gajera ka toshe hanya ka riƙe haruffa masu kyau don zagaye na gaba. Kana lissafin abin da ya rage a jaka, kana lura da agogo saboda minti 25 kowa ke da shi in ka wuce a zare maka maki 10 kowane minti, in ka ƙalubalanci kalma ta fito daidai a yawancin gasa a ƙara wa wancan 5. Wannan ba aikin aku ba ne, ya fi kusa da dara. Kalmomi masu harafi biyu kaɗai sun haura 120 kuma su ne farkon abin da ake haddacewa saboda da su ake jera kalma a gefen kalma.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Sarkin Allo Allah ya huci zuciyarka, ba wanda ya ce ba ƙwaƙwalwa a ciki. Amma ka ga kai da kanka ka ce dara ce. To dara ba ta koya wa kowa Turanci, maganar Ɗan Fagge ke nan tun farko

SarkinAllo:
Hajiya ai ni ban taɓa cewa makaranta ce ba, shi ne ya zo neman adalci wa run

Abu_Hanan_Kumasi:
Gaisuwa daga zango. Tun ɗazu nake karantawa. Tambaya gare ku masu wasan, kalmominmu na nan Afirka ta Yamma suna shiga? In na ajiye cedi ko naira za a karɓa? Kuma maganar ci da kuka yi, a Turancin titi na nan da na wajenku chop haka take aiki, chop money, chop life, chop slap, kamar an ɗauko ci an sa mata rigar Turanci

SarkinAllo:
Naira da kobo da cedi duk suna shiga Malam Abu Hanan. Sunan gari ko na mutum ne ba ya shiga, duk abin da dole sai da babban baƙi ake fara shi.

Dalibin_Harshe:
Chop ɗin ma da ma'anar cin kuɗin haram Oxford ta shigar da ita a Janairun 2020 cikin kalmomin Turancin Najeriya 29, tare da okada da danfo da tokunbo da Kannywood. Amma shiga Oxford daban shiga jerin Collins daban, kar wani ya je ya ajiye Kannywood ya ce ni na ce. Kuma wannan ya dawo da mu kan 645 ɗin, in suka ci gaba da karɓar Turancinmu wata rana runs ɗin da Makanike ya ambata ita ma za ta samu layinta

Makanike_KofarRuwa:
Allah ya kiyaye a san mu da wannan

Ummu_Sadiq:
To ai in za su karɓi namu sai su karɓi 'yan set ɗinmu da ba shi da saiti, ka ga set ta fara rage tazara ke nan. Ban sallama ba fa Malam

TsohonTicha:
Saura miki 215 'yata, ki ci gaba da tarawa.

Dan_Fagge:
Ni dai har yanzu ban ga wanda ya rushe maganata ba. Amma dokar gidan Hajiya ta yi min, daga yau a shagonmu duk wanda ya ajiye kalma sai ya kawo jimla, kuma zan ƙara tawa, duk wanda ya ajiye kalma ya kawo ma'ana biyar mabambanta a ƙara masa maki 10

SarkinAllo:
To wa zai yi alƙalancin mabambanta ɗin? Ɗalibin Harshe ya riga ya gaya maka hanci da fenti da rini wani zai ce uku wani ya ce ɗaya, za ku kwana kuna musu ba a ajiye kalma ta biyu ba. Ni dai ranar Asabar in kana shago zan zo da allona da agogo, mu buga ɗaya da dokarka ɗaya da ta gasa

Bazazzagi_Asali:
A sanar da mu lokaci don Allah, zan shigo motar safe daga Zariya musamman. Kuma har yanzu bai faɗi wanda ya lallasa shi ba fa

Kanwar_Maza:
Sarkin Allo kafin Asabar ɗin, in mun sake yanka kwalinmu A guda nawa kake ganin za mu sa cikin 100? Wancan karon 20 muka yi kuma sai da ta yanke mana